Darasi Daga Garejin Sojoji: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Da zarar noman rani ya kankama, makanikai a Rogo Sabon Gari ba su da hutu. Wannan ya kawo injin ban ruwa, wancan ya kawo babur, wani kuma injin niƙa. Sai a kwance su duka rana ɗaya. Mako ya wuce ba a gama ko guda ba, ga tumatir yana bushewa a fadama.

Sojojin saman Amurka ma sun sha wannan wahala. Suna da babban wurin gyaran jirage a garin Warner Robins, cikin jihar Jojiya. A can ake gyara wani ƙaton jirgin ɗaukar kaya mai suna C-5. A da, gyaran jirgi ɗaya yakan ci kwana 240.

A shekarar 2005 suka ɗauki dabarar wani masani ɗan Isra'ila, Eliyahu Goldratt. Dabarar ita ce, kowane aiki yana da wurin da yake cijewa. Kamar garken shanu ne a burtali: kome faɗin daji, saurin garken yana ga inda hanya ta tsuke.

Da suka duba, sai suka ga ƙwararrun makanikai sun rarrabu a kan jirage da yawa. Sai suka rage jiragen da ake gyarawa daga 12 zuwa 7, aka tara hannu a kan kaɗan. Gyara ya sauko zuwa kwana 160, jirage 5 kuma suka koma bakin aiki. Sun haɗa da tsarin kamfanin Toyota na Japan, wato kawar da duk abin da ke cin lokaci a banza.

Ga abin da makaniki zai ɗauka:

1. Ya gano inda aiki ke tsayawa. Wajen maigida ne, ko mai walda, ko jiran kaya daga Kano?

2. Kada ya kwance inji sai kayan gyaransa sun cika.

3. Ya gama ɗaya kafin ya taɓa wani.

4. Kowace sifana ta sami mazauninta. Wanki da miƙo kaya aikin yara ne, maigida ya tsaya kan gyara.

Manomi kuma ya kai injinsa a duba tun kaka, kafin layi ya yi tsawo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma da gyaran gaggawa gara shiri da wuri.