Ba ƙyallin fenti ne kuɗin tsohuwar mota ba: Yadda ake gane ta asali kafin a yi mata farashi

A watan Mayun 2022 aka yi gwanjon wata tsohuwar mota ƙirar Mercedes-Benz 300 SLR a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, aka sallama ta a kan Yuro miliyan 135. An ƙera ta a 1955 a kan tsarin motar tsere, kuma guda biyu kacal kamfanin ya yi irinta.

Labarai irin wannan suna yawo a wayoyin jama'a, har sun sa wasu sun fara yi wa tsofaffin motocin da ke jibge a gidajen iyaye da kakanni wani sabon kallo. A garuruwa irin su Miga da Jahun da Haɗejiya, ba abin mamaki ba ne a tarar da Fijo ko Marsandi a bayan gida, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa.

Idan mai motar ya rasu aka zo rabon gado, dole a yi mata ƙima. A nan magada kan samu kansu tsakanin mutum uku: ɗan gwangwan da zai saye ta da nauyin ƙarfe, mai gyara da ke cewa a kawo kuɗi ya mayar da ita sabuwa, da dillali da ke rantsuwa cewa Turawa na neman irinta ruwa a jallo. Kowanne na iya jawo asara idan ba a san abin da ake dubawa ba.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada

Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa masu sha'awar motocin tarihi a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30 kuma an adana ta a kan siffarta ta asali. Amma shiga wannan sahu daban, tsada daban.

Fijo 504 ta isa misali. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. An ƙera 504 sama da miliyan 3 a duniya. Abin da yake da yawa haka ba ya tsada saboda tsufa kawai.

Sai dai a cikin dangin 504 akwai masu ƙofa biyu, wata mai rufi wata mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinsu. An fara nuna su a 1969, kuma duka-duka ba su kai 40,000 ba. Mai ƙofa biyun da ke da injin V6 ita ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1978, bayan da 504 mai ƙofa huɗu ta ci a 1975. Suna ɗaya, amma kasuwarsu ba ɗaya ba ce.

Saboda haka tambayar farko ita ce: wace iri ce takamaimai, kuma nawa aka ƙera? Ferrari 250 GTO guda 36 aka yi a farkon shekarun 1960, shi ya sa ɗaya daga cikinsu ta kai Dala miliyan 48.4 a wani gwanjo a Amurka a 2018.

Lambobi su ne shaidar farko

Masu saye na gaske ba sa fara kallon fenti. Suna fara neman lambar casis, wato lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar, su gwada ta da wadda ke kan ƙaramin farantin da aka maƙala a wajen inji, sannan da wadda ke cikin takardu. Daga nan su duba lambar inji da ta giya.

Motar da har yanzu take ɗauke da injin da ta fito da shi daga kamfani ta fi daraja nesa ba kusa ba a kan wadda aka sauya wa. Wannan shi ne inda motocin Arewa da yawa ke faɗuwa. Shekara da shekaru, idan inji ya buga, hanya mafi sauƙi ita ce a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a sayo wani a ɗora, wani lokaci ma na wani kamfani daban. Dabara ce da ta ci gaba da ciyar da iyalai, amma a wajen mai neman motar tarihi, ta rage kuɗi.

Ana kuma duba yadda aka buga lambar. Ta kamfani takan zo a jere, girman haruffa ɗaya, zurfi ɗaya. Idan aka ga alamar goga, ko walda a kewayen wurin, ko harafi ɗaya ya karkace, to akwai magana. An sha samun motoci biyu masu lamba ɗaya a kasuwannin Turai, wanda ke nufin aƙalla ɗaya jabu ce. Wani abin lura: lamba mai haruffa 17 da aka saba gani yanzu ta zama ƙa'ida ne daga 1981, don haka motocin da suka girmi wannan shekara sukan zo da lamba mafi gajarta.

Wasu kamfanoni na taimakawa wajen tantancewa. Mercedes-Benz na da katin bayanan motocinsa na da, mai nuna launi da inji da kayan da kowace ta fito da su. Ferrari na da sashe na musamman da ke bincike ya ba da takardar shaida. Peugeot kuma na da gidan tarihi a garin Sochaux na Faransa.

Tarihin Najeriya na tona asirin takardun bogi

Takarda na ƙara wa mota kuɗi: rasidin saye na farko, takardar kwastan, tsofaffin lasisi, hotunan mai ita a tsaye kusa da ita. Kuma akwai ranaku uku a tarihin ƙasar nan da ke taimakawa wajen gane ta gaskiya.

Ta farko, a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Motocin da aka shigo da su don kasuwar ƙasar kafin lokacin galibi sitiyarinsu na dama ne. Idan aka ce mota ta shigo a 1968 amma sitiyarinta na hagu, sai a duba ko an juya shi, domin juyawar kan bar ramuka da tabon walda a bangon da ke tsakanin inji da direba.

Ta biyu, Naira ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 1973. Rasidin da ke ɗauke da kwanan watan 1970 amma an rubuta kuɗin da Naira, ba fam da sule ba, ba sai an kira masani ba.

Ta uku, an ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991. Motar da aka yi wa rajista a Miga ko Haɗejiya kafin nan, takardunta na tsohuwar Jihar Kano ne. Duk takardar da ke cewa 1980 amma tana ɗauke da sunan Jigawa, daga baya aka rubuta ta.

Abin da fenti ke ɓoyewa

Hausawa na cewa kyan ɗan maciji, kuma sabon fenti a kan tsohuwar mota ya cancanci irin wannan taka-tsantsan. Mai gyaran bodi na iya cike rami da fila, ya goge, ya fesa fenti, mota ta fito tana walƙiya alhali ƙarfen da ke ciki ya ruɓe.

Hanya mafi arha ta ganewa ita ce ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle. A bi jikin motar da shi: inda ƙarfe yake zai kama, inda aka lafta fila zai saki. Wannan ba ya aiki a motocin da jikinsu na alminiyam ne. Masu sana'ar kuma na amfani da na'urar auna kaurin fenti.

Sai a duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, ko ta yi daidai daga sama har ƙasa. A ɗaga robar gilashi da kafet a ga launin da ke ƙasa, domin a nan fentin asali ke ɓuya. A kalli tambarin da ke kusurwar kowane gilashi, ko iri ɗaya ne. A shiga ƙarƙashi a duba walda: ta kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, ta gareji kuwa doguwa ce mai tudu da kwari.

Mitar da ke ƙirga tafiya ma ba abin dogaro ba ce. A yawancin tsofaffin motoci lamba biyar gare ta, tana kai 99,999 sai ta koma sifili. Lalacewar robar burki da sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Matsalar ruwa a yankin Kogin Haɗejiya

Busasshiyar iskar Arewa na yi wa tsohon ƙarfe rana. Ba a zuba gishiri a titi kamar yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara, kuma babu iskar teku irin ta Legas. Rana ce kawai ke fasa dashbod da robobi.

Amma garuruwan da ke kwance a fadamar Kogin Haɗejiya lamarinsu daban ne. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna sosai a Jigawa, kuma Miga na cikin ƙananan hukumomin da ruwa ya saba shiga da damina. Motar da ke ajiye a ƙasa ba ta gudu idan ruwa ya zo.

Motar da ta kwana a ruwa tana barin shaida ko an wanke ta. Busasshiyar laka na maƙalewa a ramin tayar safiya, da cikin ƙofofi, da ƙarƙashin kujeru. Kan wayoyin lantarki na yin kore. Man inji ko na giya da ruwa ya shiga yakan koma launin shayi mai madara. Tsatsar da ta fi haɗari ita ce wadda ke cin ƙarfen casis daga ciki, wadda ba a gani sai an ƙwanƙwasa an ji sautin ya mutu.

Wanda ke da irin wannan mota a yankin, abin da ya fi masa shi ne ya kai ta kan tudu kafin damina, ya ɗora ta a kan bulo, ya yi mata rumfa. Lulluɓe ta da leda yana tara danshi ne kawai. Idan kuma ruwa ya riga ya shige ta, kada a yi gaggawar tayar da inji kafin a zubar da mai a duba ciki, domin ruwan da ke cikin silinda na iya lanƙwasa ƙarfe a bugu ɗaya.

Wani lokaci rashin gyara ne darajar

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ramukan harsashi na nan a jikinta. Da wani zai cike su ya fesa fenti, da ya shafe abin da mutane ke zuwa gani.

Haka ma wata Bugatti ta 1925 da ta shafe sama da shekara 70 a ƙarƙashin Tafkin Maggiore, a iyakar Italiya da Suwizalan. An tsamo ta a 2009, rabin jikinta ya ruɓe, amma aka saye ta Yuro 260,500 a gwanjon birnin Paris a farkon 2010. Wanda ya saya ya kai ta gidan tarihi a Amurka ya ajiye ta yadda take. Ba ruwan ne ya sa ta tsada ba. Ƙarancin irinta ne da labarinta da aka iya tabbatarwa.

Wannan ne ya sa masu kasuwar ke bambanta motoci kashi huɗu: wadda ba a taɓa ba, wadda aka gyara bisa tsarin kamfani da kayan asali, wadda aka sauya wa inji ko launi ko kujeru, da wadda aka harhaɗa daga gawarwakin motoci daban-daban. Duka huɗun na iya yin kyau a hoto. Laifin shi ne a sayar da ta huɗu da sunan ta farko.

Kafin a sallama

Magadan da ke da tsohuwar mota za su rage asara idan suka ɗauki hoton kowace lamba da kowace takarda kafin kowa ya taɓa ta. Kada a jefar da kayan da aka cire, ko da kafireto ne da ya daina aiki, domin mai saye zai tambaya. A nemi bakanike wanda ba shi da alaƙa da dillali ya duba, tunda dillali la'adarsa yake nema.

Wajen farashi, a nemi kuɗin da aka sayar da irinta a zahiri. Abin da mutane ke rubutawa a Facebook buri ne, ba ciniki ba. A kuma yi lissafin gyara tun farko, domin a motocin da aka ƙera da yawa, kuɗin cikakken gyara kan zarce abin da za a samu idan an sayar.

Yawancin motocin da ke bayan gidaje a Jigawa ba za su kawo miliyoyin Yuro ba. Amma Fijon Kaduna da ke da injinta na asali, da rasidinta, da lambar tsohuwar Jihar Kano, kullum ƙara ƙaranci take yi, domin duk wadda ta hau sikelin 'yan gwangwan ba ta dawowa.