Idan Zare Ya Maƙale a Firintar 3D: Gano Dalili da Hanyar Gyara

Ƙaramar firintar 3D, irin wadda ɗalibai da masu sha'awar ƙere-ƙere ke ajewa a kan tebur, tana narkar da zaren roba ne ta riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa har ya zama abin da aka zana a kwamfuta. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ne ya ƙirƙiro dabarar, ya nemi rajistar mallakarta a 1989. A 2005 Adrian Bowyer ya fara shirin RepRap a Jami'ar Bath ta Ingila, wanda ya saki zanen injunansa kyauta ga kowa. Da wa'adin rajistar Crump ya cika a 2009, kamfanoni suka yi ta ƙera ƙananan injuna, farashi ya faɗi. Sai dai duk da yaɗuwarsu, akwai matsala guda da kusan kowane mai firinta ke cin karo da ita: zare ya daina fitowa, injin kuwa ya ci gaba da kai-komo a iska kamar ba abin da ya faru.

Hanyar da zare ke bi

Ba a iya gyaran wannan matsala sai an san hanyar zaren daga farko zuwa ƙarshe. Kaurin zaren da aka fi amfani da shi milimita 1.75 ne, yana naɗe a kan kwarkwaro. Daga nan yake shiga maturi, wato sashen da ke tura shi gaba. A cikin maturi akwai ƙaramin moto mai juya wata giya mai haƙora, da boris ko wata giyar da sifirin ke dannawa don ta matse zaren a jikin haƙoran.

Daga maturi zaren zai wuce kan narkarwa. A wasu injuna maturin yana zaune a bisa kan narkarwar, su biyun suna tafiya tare. A wasu kuma yana can jikin firam, zaren ya bi ta dogon farin tiyo na PTFE kafin ya isa, wannan shi ne tsarin Bowden. Kan narkarwa hawa uku ne. A sama akwai ƙarfe mai fuka-fukai da fanka ke hurawa don ya zauna da sanyi. A tsakiya akwai siririn maƙogwaro da ke hana zafi hawa. A ƙasa akwai dunƙulen alminiyom mai ɗauke da hita da ma'aunin zafi, da nozul na tagulla wanda faɗin raminsa yawanci milimita 0.4 ne.

Aikin gaba ɗaya ya rataya a kan daidaito guda: abin da maturi ya tura, dole kan narkarwa ya iya narkar da shi ya fitar a daidai lokacin. Duk wani maƙalewa, ko dai ƙarfin turawa ne ya ragu, ko kuma hanyar gaba ta yi tsauri.

Alamomi da gwajin farko

Alama ta farko ita ce ƙarar ƙwas-ƙwas daga maturi. Moton ne ke ƙoƙarin juyawa, ya kasa, ya zame baya. Ta biyu, garin roba ya taru a gindin giya, a ga haƙoran sun ƙwaƙule zaren sun yi masa rami. Ta uku kuma a jikin abin da ake bugawa take bayyana: layuka sirara, da ramuka, da bangon da ke ruɓushewa idan an matsa shi da yatsa.

Gwaji guda ne ke raba matsalar gida biyu. A ɗaga nozul sama da farantin da ake bugu a kai, a dumama shi daidai da zaren da ke ciki. Zare nau'in PLA na son digiri 190 zuwa 220 a ma'aunin Salshiyos, nau'in PETG kuma 230 zuwa 250. Sai a danne hannun maturi don ya saki zaren, a tura shi da hannu a hankali. Idan ya fito cikin sauƙi, ya sauka a miƙe, to kan narkarwa lafiya yake, laifin na maturi ne ko na saiti. Idan ya fito siriri yana nannaɗewa gefe guda, nozul ya toshe rabi. Idan ya ƙi motsi sam, toshewar cikakkiya ce. Wannan gwajin na 'yan mintoci yana hana mutum kwance sashen da ba shi da laifi.

Idan laifin na maturi ne

Ana farawa da kwarkwaro. Idan aka taɓa sakin bakin zare ya shige ƙarƙashin wani naɗin, zai yi ƙulli, injin ya ja har ya gaji. Maganinsa a warware 'yan zagaye a fitar da ƙullin, kuma duk sanda aka cire zare a soka bakinsa a ramin da ke gefen kwarkwaron.

Sai haƙoran giya. Idan garin roba ya cika su, ba za su kama zare ba, ƙaramin buroshi ya isa ya share su. A duba ɗan sukurun da ke riƙe giyar a jikin sandar moto, domin idan ya kwance sandar za ta riƙa juyawa giyar na tsaye. Mazauninsa shi ne gefen sandar da aka fafe. Haka kuma haƙoran su kasance daidai saitin zaren, ba sama ko ƙasa da shi ba.

Matsin sifirin ma yana da iyaka. Idan ya yi sako-sako zaren zai zame, idan ya yi yawa zai baje zaren har ya kasa shiga tiyo. Abin da ake nema shi ne sawun haƙora ya fito sarai a jikin zaren ba tare da siffarsa ta canza ba. A injuna masu araha hannun maturin na roba ne, kuma yakan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani sai an kwance shi. Irin wannan sai a canza shi da na ƙarfe.

Idan moton na karkarwa ba ya juyawa, yawanci waya ce ta katse a ciki ko fulogi ya saki. Kada a zare wayar moto alhali injin na kunne, hakan na iya ƙona abin da ke sarrafa moton a kan allon lantarki. Akwai kuma abin da ke ruɗar sababbin shiga: manhajar Marlin, wadda injuna da yawa ke aiki da ita, ba ta barin maturi ya juya idan zafin nozul bai kai digiri 170 ba. Wannan kariya ce, ba lalacewa ba.

Toshewar nozul

Ramin milimita 0.4 ba ya buƙatar babban abu kafin ya toshe. Ƙura, ko ɓurɓushin robar da ta ƙone, ko ragowar wani zaren daban, duk suna iya. Wanda ya buga PETG sannan ya sa PLA a digiri 200, ragowar PETG ba za ta narke da kyau ba. Don haka idan za a sauya zare, ana tura sabon a zafin wanda ya fi son wuta a cikinsu, har launin tsohon ya ɓace.

Matakin farko shi ne allura. Akan haɗo firinta da siririyar allura daidai ramin nozul. A dumama, a soka ta daga ƙasa sau da yawa, sannan a tura zare. Sai dai allura tana ture dattin ne kawai, yana iya dawowa.

Hanyar da ke fitar da shi gaba ɗaya ita ce fizgar sanyi. A dumama nozul, a tura zare da hannu har ya fara fitowa. A kashe hita, a ci gaba da dannawa kaɗan-kaɗan don robar ta cika cikin nozul. Idan zafi ya sauka wajen digiri 90, ga mai amfani da PLA, sai a fizge zaren sama da ƙarfi a tashi ɗaya. A wannan zafin robar ta yi taurin da za ta riƙe datti, amma ba ta manne wa ƙarfe ba. Bakin zaren zai fito da siffar cikin nozul, da ɗige-ɗigen baƙi a jikinsa. A yanke, a maimaita har ya fito tsaf. Zaren nailan ya fi dacewa da wannan aiki domin ba ya saurin tsinkewa.

Idan duk wannan bai yi ba, a canza nozul, ba shi da tsada. Ana kwance shi da zafinsa, a riƙe dunƙulen alminiyom da sifana don kada ya murɗe ya karya maƙogwaro ko ya tsinke siraran wayoyin ma'aunin zafi. Sabon ma da zafi ake ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba roba za ta riƙa tsattsafowa ta wurin ɗaurin. Wurin ya haura digiri 200, ba a taɓa shi da hannu.

Zafin da ke hawa sama

Wani lokaci bugu yakan fara lafiya, bayan rabin awa ko awa guda zare ya tsaya, a duba nozul a tarar ba abin da ya toshe shi. Wannan zafi ne ya haura maƙogwaro. PLA na fara laushi tun daga wajen digiri 60. Idan sashen sama ya ɗumama haka, zaren zai kumbura tun bai isa wurin narkewa ba, ya cushe hanya. Idan aka zaro shi za a ga bakinsa ya yi kauri.

Abin dubawa na farko shi ne fankar da ke hura fuka-fukan, wadda ya kamata ta riƙa juyawa muddin nozul na da zafi. Ƙura da silin roba kan rage mata gudu. Zafin ɗaki ma yana da tasiri. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, iskar da fankar ke hurawa ita kanta mai zafi ce. Firinta mai akwati sai a buɗe ƙofarta da murfinta idan PLA ake bugawa. Ɗaukewar wuta ma na jawo wannan matsala, domin fanka na tsayawa nan take alhali dunƙulen na da zafinsa, zafin ya hau ya narkar da zaren a maƙogwaro. Shi ya sa ba a kashe injin sai nozul ya sauka ƙasa da digiri 50, kuma inbata ko UPS na da amfani inda wuta ba ta da tabbas.

A injunan da tiyon PTFE ke sauka har kan nozul akwai wata matsalar. Idan bakin tiyon bai zauna daram a kan nozul ba, narkakkiyar roba za ta cika tazarar ta daskare. Dalili shi ne yankan baki a karkace, ko maƙallin tiyon ya saki yana barin sa yana motsi. Ana zaro tiyon, a yanke bakin da ya ƙone a miƙe da reza mai kaifi, a share ciki, a mayar da shi har ƙasa. Irin wannan kan narkarwa ba a kai shi sama da digiri 240 zuwa 250, domin PTFE na lalacewa, yana kuma fitar da hayaƙi mai cutarwa.

Saitin da ke jawo maƙalewa

Idan ƙarar ƙwas-ƙwas a shimfiɗar farko kaɗai ake jin ta, nozul ne ya matse faranti har roba ta rasa mafita. Tazarar da ake bari wajen daidaita faranti ita ce kaurin takarda guda, kimanin milimita 0.1.

Gudu ma yana da iyaka. Kan narkarwa na gama-gari yana iya narkar da PLA kimanin milimita kubik 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Lissafin kuwa shi ne kaurin shimfiɗa sau faɗin layi sau gudu. Shimfiɗa mai kaurin 0.2 da faɗin 0.45 a gudun milimita 60 a daƙiƙa ta ba da 5.4, wanda ba matsala. Idan aka kai gudun 200 ya zama 18, ya fi ƙarfin kan. Sai a rage gudu ko a ƙara zafi da digiri 5 zuwa 10.

Akwai kuma ja-da-baya, wato ɗan janye zare da injin ke yi idan zai tsallaka wuri don kada roba ta zuba. Tsarin Bowden na buƙatar wajen milimita 4 zuwa 7, wanda maturinsa ke bisa kai kuma 0.5 zuwa 2. Idan ya wuce haka, narkakkiyar roba na hawa sashen sanyi ta daskare a can.

Domin tabbatar da cewa maturi na tura adadin da aka umarce shi, ana auna milimita 120 daga bakinsa a yi alama a jikin zare, a sa injin ya tura 100. Ya kamata 20 su rage. Idan 26 suka rage, 94 kawai ya tura. Sai a ninka lambar takun moton da ke cikin saitin injin da 100 a raba da 94, a shigar da sabuwar. Ba a yin wannan awo sai an tabbata babu toshewa, in ba haka ba lissafin zai fito ba daidai ba.

Zaren kansa

Roba na shan danshin iska, musamman nailan da TPU da PETG. Jiƙaƙƙen zare yana tartsatsi a nozul, yana fitar da kumfa, PLA kuma yakan yi gautsi ya karye a cikin tiyo. Ana busar da PLA a digiri 45 zuwa 50 na awa 4 zuwa 6, PETG a wajen 65. Da damina, a ajiye zare a mazubi mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Da hunturu kuwa ƙura ce abin tsoro, ɗan soso da aka maƙala wa zaren kafin ya shiga maturi yana share ta.

Zare mai laushi irin TPU yakan lanƙwashe ya fita ta gefen giya, don haka a hankali ake buga shi, wajen milimita 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Wanda aka gauraya da garin katako ya fi son nozul na 0.6. Mai gaurayen zaren kabon da mai haske a duhu suna cinye tagulla, ramin ya buɗe, sai an sa musu nozul na ƙarfe mai tauri. Zaren da kaurinsa ba daidai yake ba, wani wuri ya kusa milimita 2, ba zai wuce ta tiyo ba ko da komai na injin lafiya yake, domin faɗin cikin tiyon ke nan.

Wajen bincike, ƙa'idar ita ce a bi hanyar zaren daki-daki daga kwarkwaro zuwa nozul, a canza abu guda a lokaci guda, a gwada kafin a taɓa na gaba. Wanda ya canza nozul da zafi da gudu a tare, ko injin ya gyaru ba zai san wanne ne dalili ba, kuma idan matsalar ta dawo sai ya sake lalube daga farko.