Sukari da Barcin Funfuna a Cikin Ƙasar Noma: Bayani Daga Gonakin Indabo

Manomin Indabo, a ƙasar Wudil ta Jihar Kano, ya san abu biyu waɗanda a ganin ido ba su da dangantaka da juna. Na farko, idan ya shuka gyaɗa ko wake da irin da ya farfashe wajen ɓara ko sussuka, ramuka da yawa ba za su tsiro ba, in kuwa ya tona sai ya tarar ƙwayar ta ruɓe, ta yi wani gashi-gashi fari ko baƙi. Na biyu, idan ya binne ɗanyar ciyawa a kunya ya yi shuka nan take, tsiron yakan fito, sa'an nan gindinsa ya yi laushi ya kwanta. Binciken masana ya nuna cewa asalin abubuwan nan biyu ɗaya ne, watau sukarin da ke tsattsafowa cikin ƙasa. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda hakan ke faruwa, da kalmomin da malami zai iya shiga aji da su.

1. Kalmomi biyu

Wajibi ne a fara daidaita ma'anar kalmomi biyu, gama kowace daga cikinsu za ta ɗauki kayan da ya fi wanda ta saba ɗauka. A bakin Bahaushe funfuna ita ce abin nan da ke fitowa a kan kwantan tuwo, ko goro, ko fatar da ta sha danshi. Burtuntunar da ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari sunanta dabam, laimar kwaɗi kuma da ke fitowa a juji da damina nata dabam. Su kuwa masana kimiyya dangi ɗaya suka ɗauke su, don haka a nan an faɗaɗa kalmar funfuna ta game su duka. Jikin funfuna siraran zare ne, irinta kuma ƙura ce wadda ido ba ya rarrabe ƙwayarta sai da madubin ƙara girma. Ba ta da koren ganye, saboda haka ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana, sai dai ta ci abin da wani ya haɗa.

Sukari kuwa kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, an kuma fi saninta da abin da ake zubawa a koko ko shayi. A nan ana nufin dukan dangin abubuwan zaƙi da tsiro ke haɗawa a ganyensa daga ruwa da iska da hasken rana: da wanda ke cikin rake da takanda, da gulukos wanda ke cikin zuma da 'ya'yan itace. Abin da tsiro bai ci ba yakan tara shi a ƙwaya ya zama sitaci, funfuna kuma tana iya narkar da sitacin ya koma sukari.

2. Barcin funfuna

Ƙasar kowace gona cike take da ƙwayoyin funfuna, har da masu sa cuta. To, me ya hana su tsirowa su cinye amfanin gona gaba ɗaya? A shekarar 1953 wasu masana biyu, Dobbs da Hinson, a kwalejin Bangor ta ƙasar Birtaniya, suka ba da labarin wani abin mamaki. Ƙwayar funfunar da kan tsiro cikin sauƙi a ɗakin gwaji, in an aza ta a kan ƙasa mai danshi sai ta ƙi tsirowa, alhali kuwa ba ta mutu ba. Da suka zuba wa ƙasar ɗan gulukos, sai ƙwayoyin suka tsiro. An kuma ga cewa in an turara ƙasar har ƙananan halittun da ke cikinta suka mutu, hanin nan yakan gushe, in an gauraya ta da 'yar ƙasa mai rai ya dawo. Wannan hali shi za a kira barcin funfuna.

Daga baya, a cikin shekarun 1960, Lockwood da almajiransa a Michigan ta Amurka suka nuna cewa babban dalilin barcin nan yunwa ce. A ƙasar noma akwai bakteriya da sauran ƙananan halittu ba iyaka, kowace tana jiran abinci, sukari kuwa da ya ɗiga sai su lashe shi cikin 'yan sa'o'i. Har ɗan abincin da ke tsattsafowa daga jikin ƙwayar funfunar kanta ba su bari. Akwai kuma wasu iskoki da halittun nan ke fitarwa masu ƙara nauyin barcin. Ga funfuna wannan barci ba hasara ba ne, tsira ce, domin da ta tsiro inda babu abinci da ta mutu. Waɗansu irinta masu kaurin ɓawo sukan kwana shekaru a ƙasa suna jira.

3. Abin da ke tada ta

Manomi ya san ƙwayar wuta-wuta takan zauna a gona ba ta tsirowa sai ta ji ɗuriyar saiwar dawa ko gero. Haka funfuna take, sai dai abin da ya fi tada ta sukari ne da dangin abincin gina jiki. Hanyoyin da suke shiga ƙasa uku ne.

Ta farko ita ce iri. Sa'ad da busasshiyar ƙwaya ta sha ruwan shuka ta kumbura, wani abu daga abincin da ke cikinta yakan zubo waje. A 1964 Schroth da Cook a Kalifoniya suka nuna cewa waken da fatarsa ta tsage ya fi zubar da wannan abinci, ya kuma fi ruɓewa kafin ya tsiro. Wata halitta mai kama da funfuna da ake kira Pythium takan farka cikin 'yan sa'o'i kaɗan bayan ta ji shi. Ashe gaskiyar Hausawa ne da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Duk abin da ya jinkirta tsiro, kamar zurfin rami ko kwanciyar ruwa a fadama, yana ƙara wa funfuna lokaci.

Ta biyu ita ce saiwa, gama kan saiwa mai girma kullum yana fitar da sukari kaɗan-kaɗan. Tun a 1904 wani Bajamushe, Hiltner, ya lura cewa ƙasar da ke manne da saiwa ta fi sauran ƙasa yawan ƙananan halittu nesa ba kusa ba. Nan ne kasuwarsu take ci, nan ne kuma mai cuta da marar cuta ke tsere.

Ta uku ita ce ɗanyen ganye da ciyawa. Garrett na Jami'ar Kambirij ya yi bayani a 1951 a kan wani rukuni da ake kira funfunar sukari, watau masu saurin girma da ke fara faɗa wa sabon abinci su shanye zaƙinsa kafin masu cin kara da itace su iso. Pythium tana cikinsu. Shi ya sa shuka a kan ɗanyar ciyawa ke gamuwa da ita tana kan ganiyarta. In an dakata mako 2 ko 3, ko kuwa aka yi amfani da takin da ya riga ya ruɓe a juji, zaƙin ya ƙare, ƙasar kuma ta cika da halittun da ke danne ta.

4. Gyaɗa da dafin funfuna

Inda batun nan ya fi shafar lafiyar mutane shi ne gyaɗa, domin 'ya'yanta a cikin ƙasa suke nuna. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Aka bi sawu aka gano dafin wata funfuna ce mai launin kore-kore, Aspergillus flavus, aka sa wa dafin suna afalatoksin. A lokacin dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, don haka masu bincike na Samaru, musamman McDonald da Harkness, suka duƙufa a kan al'amarin cikin shekarun 1960. Suka tarar gyaɗar da ɓawonta ya sami rauni, ko daga gara ko daga fartanya, da wadda aka bari ta wuce lokacin cira, da wadda ta daɗe ba ta bushe ba, su suka fi ɗaukar dafin.

A 1972 Griffin a Amurka ya nuna abin da ke ƙarƙashin wannan. Ƙwayoyin funfunar da ke kusa da lafiyayyen ɓawo galibi barcinsu suke yi, amma kusa da ɓawon da aka ji wa rauni sai su tsiro da yawa, saboda abincin da ke zubowa daga raunin. Fari a makonni 4 zuwa 6 na ƙarshe kafin cira yana ƙara tsananta abin, gama ƙasa takan yi zafi, ƙarfin tsiron ya ragu, gara kuma ta matso neman danshi. Dafin nan ba ya mutuwa da suya, yana iya bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da kunu, kuma yana jawo ciwon dajin hanta.

5. Mai da zaƙi makami

Tun da abinci ke tada funfuna, ana iya yaudararta da shi. In aka zuba wa ƙasa abin zaƙi alhali babu shuka, ƙwayoyi da yawa sukan tsiro, abincin ya ƙare, zarensu ya narke su mutu. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Sai dai dabarar ba ta cin kowace funfuna, domin waɗansu, kamar Fusarium, sukan yi maza su sake ƙulla sababbin ƙwayoyi. Wajen shekarar 2000 aka ƙago wata hanya a Japan da Holan: a gauraya ƙasa da dusa ko ragowar maɗin rake, a jiƙa ta sharkaf, a rufe da leda na 'yan makonni. Bakteriya sai su cinye zaƙin, su shanye iskar shaƙa, su fitar da tsamin da ke kashe funfuna mai cuta. Wannan ya fi dacewa da lambu, inda fili kaɗan ne kuma ruwa yana kusa.

Hanya ta biyu ita ce a ciyar da wadda ake so ta yi nasara. Cibiyar IITA ta Ibadan ta zaɓo iri 4 na Aspergillus flavus daga ƙasar Nijeriya waɗanda ba su yin dafi, ta shafa su a jikin dawar da aka gasa don kada ta tsiro. Wannan shi ne Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako 2 zuwa 3 kafin amfanin gona ya yi fure. Ƙwayar dawar ita ce guzurin funfunar marar dafi, da shi take farkawa ta yaɗu ta cika gonar kafin 'yar'uwarta mai dafi ta sami abin karyawa.

6. Abin da ya kamata a koyar

Daga bayanin da ya gabata za a ga cewa sukari a cikin ƙasa ba shi da ɓangare. Wanda ya riga isa gare shi, da lokacin da ya zubo, su ke yanke hukunci. Saboda haka tsofaffin ka'idodin noma suna da hujja: a tsince fasasshen iri kafin shuka, a shafa wa iri magani, a bar taki ya ruɓe, a kiyaye fartanya kusa da gindin gyaɗa, a cire ta a kan kari, a shanya ta da wuri, a kuma ware ruɓaɓɓiya kada a ba yara ko dabbobi.

Malamin kwalejin horon malamai yana iya nuna wannan ba tare da kayan gwaji masu tsada ba. A ɗebo ƙasar gona a cika ƙwarya biyu, a jiƙa su daidai da juna. A shuka lafiyayyen wake 20 a ɗaya, a ɗayar kuma 20 waɗanda aka tsaga fatarsu da reza. Bayan mako guda ɗalibai su ƙidaya tsiron kowace ƙwarya, su tone waɗanda ba su fito ba, su rubuta da Hausa abin da idonsu ya gani a jikin ƙwayar.