Tambarin Shaida: Abin Da Masu Hular Bama Za Su Koya Daga Maƙeran Gilashin Murano

YERWA — Duk baƙon da ya shiga layin 'yan hula a babbar kasuwar Yerwa, wadda aka fi sani da Kasuwar Litinin, yana iya tarar da huluna biyu masu zane iri ɗaya da launi iri ɗaya, amma farashin ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa. Ta farko aikin allura ce da zare, wadda mai ɗinki ya shafe makonni a kanta, wani lokaci ma fiye da wata guda. Ta biyu kuwa inji ne ya fitar da ita tare da 'yan uwanta masu yawa.

Tsohon ɗan kasuwa ba ya ruɗuwa. Yakan juya hular ya dubi cikinta, ya ga yadda aka bi da zaren da inda aka ƙulle shi, ya shafa ya ji kaurin ɗinkin. Matsalar tana ga mai saye daga Legas ko Abuja, ko wanda ya ga hoton hula a waya ya aiko da kuɗi, wato mai cinikin biri a sama. Shi ba shi da wata hujja sai maganar mai sayarwa.

Batun ba ƙarami ba ne ga tattalin arzikin Borno. Tun da garin Bama ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Satumba na 2014, dubban mutanensa suka kwararo Yerwa, kuma ɗinkin hula ya zama abin da iyalai masu yawa, musamman mata da matasa, suka riƙe a sansanonin gudun hijira da cikin unguwanni. Bayan haka gobara ta cinye Kasuwar Litinin a watan Fabrairu na 2023, sannan ambaliyar madatsar ruwan Alau ta mamaye gari a watan Satumba na 2024. Sana'ar da ta tsallake waɗannan masifu bai kamata ta durƙushe saboda rashin hanyar bambance ta da kwaikwayo ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan cuta. A 1970 wani masani Ba'amurke, George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi bayaninta da misalin kasuwar motoci na hannu. Idan mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da maras kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai ya taya tsaka-tsaki. Wannan tayin riba ne ga mai kayan banza, hasara ne ga mai kayan kirki. Sannu a hankali sai mai kayan kirki ya janye, ko shi ma ya rage aikinsa, har kasuwar ta koma hannun jabu. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.

Akwai waɗanda suka riga mu shiga irin wannan hali, kuma suka nemo magani. Murano wasu 'yan tsibirai ne kusa da birnin Venis a ƙasar Italiya, inda hukuma ta tattara matoyan gilashi tun 1291 don gudun gobara a cikin birni. Daga can ne duwatsun wuya na gilashi suka yi ta zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma shekaru aru-aru. Da kayan kwaikwayo masu araha suka cika kantunan Venis da sunan Murano, sai gwamnatin yankin Veneto ta kafa doka mai lamba 70 a ranar 23 ga Disamba, 1994, wadda ta ƙirƙiro tambarin Vetro Artistico Murano. Tambarin mallakar gwamnatin yankin ne, ƙungiyar maƙeran da ake kira Promovetro ita ke gudanar da shi.

Yadda abin yake aiki shi ne abin lura. Ba a ba kowa izinin amfani da tambarin sai wanda aka tabbatar a tsibirin yake aikinsa, kuma bisa hanyoyin gargajiya. Ana manna 'yar takarda a jikin kowane kaya, ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi, an kuma yi ta yadda in aka ɓamɓare ta sai ta lalace, ba ta mannuwa a wani kayan. Daga baya aka ƙara lamba ta musamman ga kowane kaya, wadda mai saye zai bincika da wayarsa. Ke nan tambarin yana amsa tambayoyi biyu: a ina aka yi, kuma wa ya yi. Sai dai shiga tsarin ba dole ba ne, don haka akwai maƙeran ainihi da ba su da shi. Samunsa hujja ne, rashinsa kuwa ba ya nuna lalle kayan jabu ne.

Ko a nan gida muna da masu gilashin da suke bukatar irin wannan kariya. 'Yan unguwar Masaga a Bida, ta jihar Neja, sun shahara da tsakiya da awarwaro, waɗanda a da suke yi daga gilashin da suke dafawa da yashi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu. Amma yabo daban, hujja a hannun mai saye daban. A kan tebur ɗaya ake baje tsakiyar Bida da ta masana'antun ƙetare.

Ta fuskar doka, ƙofa a buɗe take. Dokar Alamun Kasuwanci ta Nijeriya ta 1965, a sashe na 43, ta tanadi rajistar tambarin shaida, wanda ke tabbatar da asalin kaya, ko abin da aka yi shi da shi, ko yadda aka yi shi. Dokar ta gindaya cewa mai tambarin ba zai zama mai cinikin kayan da yake shaidawa ba, kuma sai ya ajiye rubutattun ƙa'idojinsa a ofishin rajista. Maƙwabtanmu ma sun yi gaba ta wata hanyar. Ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda Nijeriya ba ta cikinta, ta yi wa masoron Penja na Kamaru rajistar sunan asali a 2013, ta kuma yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi daga baya.

Idan za a yi wa hular Borno tambari, abubuwa uku ne ginshiƙi. Na farko, masu ɗinki da masu zane da dillalai su zauna su rubuta abin da ake nufi da Bama ko Zanna Bukar: irin ƙyalle, irin zare, irin ɗinki. Na biyu, a buɗe littafin rajista, kowane mai ɗinki ko ƙungiya da lambarsa, a ɗinke lambar a cikin hular ta yadda wanki da guga ba za su cire ta ba. Na uku, a sami masu bincike da ke da ikon ƙwace tambarin daga duk wanda ya ci amana, domin ranar da aka sami hular inji da tambarin hannu, darajarsa ta zube.

Tsarin yana da tsada, kuma dole kuɗin rajista ya zama wanda matar da ke ɗinki a tsakar gida za ta iya biya. In ba haka ba, manyan dillalai ne za su mallake shi, a koma gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nan ne gwamnatin jiha da majalisar 'yan kasuwa suke da rawar takawa, ta ɗaukar nauyin shekarun farko.

Hular inji ba laifi ba ce, tana da masu sayenta, kuma talaka yana da haƙƙin samun mai araha. Abin da ake nema shi ne kowace ta zauna da sunanta da farashinta, ta yadda wanda ya biya kuɗin aikin hannu zai san abin da ya saya, kuɗin kuma su isa ga wanda ya riƙe allurar.