Cacar Lambobi

Akwai wata irin caca da ake yi da lambobi, ana kiranta loto. Asalinta daga birnin Jenowa ne na ƙasar Italiya, wajen shekara 400 da suka wuce. A can akan fid da sunayen mutum 5 ta hanyar ƙuri'a don su shiga majalisar gari, jama'a kuwa su sa kuɗi kan sunayen da suke zaton za su fito. Daga baya aka bar sunaye, aka koma lambobi. A Nijeriya wadda ta fi suna ita ce ta kamfanin Premier Lotto na Legas, wanda aka kafa a 2001, mutane na ce masa Baba Ijebu. Yanzu da wayar hannu ta yawaita, labarinta yana kai wa har Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Ga yadda ake yi. Akan zuba ƙwallaye 90 cikin injin, kowane da lambarsa, daga 1 zuwa 90. Mai caca ya zaɓi lambobinsa, ya biya, a ba shi takarda. Sa'an nan injin ya juya, ya fid da ƙwallo 5. In lambobin mutum suna ciki, ya ci. In babu, kuɗinsa sun tafi.

Da yawa sukan zaɓi lamba biyu, don wanda ya dace akan ninka masa kuɗinsa sau 240. Jin wannan da daɗi, amma sai a yi lissafi. Cikin lamba 90 ana iya haɗa biyu-biyu har iri 4,005. Cikin 5 ɗin da suka fito kuwa, iri 10 kaɗai ake samu.

To, a ce manoma 4,005 sun sayar da masara, kowa ya sa naira 100 kan nasa haɗin dabam. An tara naira 400,500 ke nan. Mutum 10 za su ci, kowa naira 24,000, watau naira 240,000. Sauran naira 160,500 suna hannun masu cacar. Mutum 3,995 kuwa su koma gida hannu banza.

Waɗansu sukan kwana suna duban lambobin jiya, wai su gane na gobe. Wahalar banza ce, gama ƙwallo ba shi da tunani, bai san abin da ya fito jiya ba.

Musulunci ya haramta caca, Jihar Katsina kuma ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Naira ɗarin da aka sa a asusu tana nan, wadda aka kai caca kuwa da wuya ta komo. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tambayoyi

1. Ƙwallo nawa ake fitarwa cikin 90?
2. Cikin manoman nan, nawa suka ci, nawa suka rasa?
3. Don me duban lambobin jiya ba shi da amfani?