Kafin ka sayi tanon banda, tambayi abin da ya taɓa ɗauka

Duk wanda ya yi sallar layya a Yamai ya san yadda gari ke komawa. Tun da hantsi ake jibga itace a bakin titi, a banƙare raguna a kan sanduna, a jera su kewaye da wuta, su wuni suna shan zafi har dare. Kashegari a sassare, a raba, abin da ya rage mata su soye. Tsari ne da ya daɗe kuma yana aiki. Sai dai yana cin itace, itacen kuwa ba ya araha, sannan ba kowane gidan haya ke da filin hura irin wannan wuta ba. Ga shi a shekarun nan sallar na faɗowa cikin Mayu ko Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wutar lantarki na zuwa tana ɗaukewa, firigo kuma ya daina zama abin dogaro.

Wannan ne ke sa wasu magidanta, musamman matasa masu kallon bidiyon gashin Amurkawa a Facebook da TikTok, neman murhu mai murfi da za su ajiye a tsakar gida ko a garka, wanda zai dafa nama da hayaƙi a hankali ba tare da an ƙona amalanken itace ba. Ni ma ina cikinsu, kuma da asara na fara.

Bara na sayi rabin tano a hannun wani mai walda, an yi masa ƙafafu da murfi, an shafe shi da baƙin fenti yana ta ƙyalli. Ban tambayi komai ba sai kuɗi. Ranar da na fara hura shi na ɗora cinyar akuya, cikin rabin awa gida ya ɗauki wari irin na garejin gyaran mota. Naman ya yi kyau a ido, amma ko yara sun ƙi shi. Da na kankare cikin tanon daga baya sai na tarar da daskararren baƙin mai a lungunansa.

Gashi daban, banda daban

Abu na farko da ya kamata mai saye ya raba shi ne abin da yake son yi. Rabin tanon da aka tsaga a kwance, irin wanda ake gani a bakin hanya, na gashi ne. Nama na kusa da garwashi, wuta na da ƙarfi, a juya a sauke. Aikin da tukubar mai tsire ke yi ke nan.

Abin da ake gani a bidiyon Amurkawa wani abu ne dabam. Suna riƙe zafin murhu tsakanin digiri 105 zuwa 120, su bar babban yanki na awa 8, 10, wani lokaci fiye, har jijiya ta narke nama ya yi laushi. To amma a nan mutane ke ruɗuwa. Wannan nama dafaffe ne, da ruwansa a jiki. Hayaƙin ya ba shi ƙamshi, bai hana shi lalacewa ba. Idan aka bar shi a zafin Damagaram ko Tawa babu sanyi, zai lalace kamar kowane dafaffen nama.

Banda irin tamu, wadda ake yi don ajiya, tana bukatar a yanka nama sirara, a sa gishiri, a bar shi a wuta marar ƙarfi har ruwansa ya ƙafe. Bushewar da gishirin su ne ke tsare shi. Masunta a gaɓar tafkin Cadi ma suna yi wa kifin da ake kaiwa har kasuwannin Najeriya banda. Saboda haka wanda burinsa naman layya ya kai makonni, murhu mai hawa biyu ko uku na raga yake bukata, inda zai baza nama da yawa nesa da wuta. Wanda kuma yake son tarbar baƙi ranar hutu, raga ɗaya ta ishe shi.

Tano a tsaye ya fi tano a kwance

A ganina, ga mai ƙaramin ƙarfi, babu kamar tano mai lita 200, wanda 'yan Najeriya ke kira duro, a bar shi a tsaye. A huda ƙananan ƙofofi uku a gindinsa, kowace kamar santimita 2, masu abin toshewa. A sa kwandon ƙarfe na gawayi a ƙasa, a ɗaga shi kaɗan don toka ta samu wurin zuba. Ragar nama ta zauna kimanin santimita 60 sama da garwashi. Murfi ya rufe ruf, da 'yar kafar fitar hayaƙi. Shi ke nan. Kowane mai walda a kasuwar Katako ta Yamai, ko a Maraɗi da Damagaram, zai iya haɗa shi cikin wuni guda in an zana masa.

Sirrin yana wurin iska. Wuta ba ta ci sai da iska, don haka idan ka toshe ƙofa biyu ka bar ɗaya, gawayi zai riƙa ci a hankali, zafi ya tsaya wuri guda. Murhun da murfinsa ke da giɓi ba ya karɓar umarni, iska na shiga ta inda ta ga dama, gawayi ya cinye kafin nama ya nuna. Kafin ka biya, ka sa a kunna ɗan tsumma ko takarda a ciki a rufe, ka ga ta ina hayaƙi ke fita.

Akwai kuma irin wanda ake shigowa da shi daga waje, mai ɗakin wuta a gefe da bututun hayaƙi, samfurin mutanen Texas. Na ainihi da ƙarfe mai kaurin milimita 6 ake yinsa, mutum biyu ba sa ɗaga shi cikin sauƙi. Masu arahar kuwa ƙarfensu bai fi kwanon rufi kauri sosai ba, zafi na tserewa, ɓangare ɗaya ya ƙone ɗaya bai nuna ba, damina biyu tsatsa ta huda gindinsa. Ga tsadar da kayan waje suka ƙara tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. Kyan ido ne kawai.

Tarihin tanon

Nan ne na faɗi, kuma nan ne hatsarin ya fi girma. Tanon da ke yawo a kasuwa ya taɓa ɗaukar wani abu: man girki, ruwan tumatir, man mota, kwalta, fenti, ko maganin ƙwari na gona. Na kayan abinci shi ake nema. Na maganin ƙwari da sinadaran da ba a sani ba, a bar shi ko kyauta ne, domin babu wankin da zai ba ka tabbaci. Idan takardar jikinsa ta goge, ko an riga an shafe shi da fenti, ka buɗe ka sunsuna, ka shafa yatsa a lungun gindinsa. Mai sayarwar da ya ƙi a buɗe ya riga ya ba ka amsa.

Su ma masu walda abin ya shafe su. Tanon da ya ɗauki fetur ko makamancinsa na riƙe tururi ko da ya bushe, kuma tartsatsin injin yanka na iya tarwatsa shi.

Ko tanon abinci ne, sau da yawa cikinsa na da wani shafe mai launin ja ko ruwan ƙasa. Sai an cika shi da itace an banka masa wuta mai ƙarfi a fili, shafen da fentin waje su ƙone, a goge da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya fito, a shafa man gyaɗa a sake hurawa babu nama. Fenti ba ya shiga ciki ko kaɗan.

Sai raga. An saba ɗauko ragar tsohon firigo ko ta fanka ko wayar shinge a ɗora nama. Irin waɗannan ana lulluɓe su da roba ko da wani ƙarfe mai hana tsatsa, kuma a tsofaffin firigo har da kadmiyom, wanda guba ne. Ƙarfen gini na 6 ko na 8, a jera a like, ya fi aminci, kuɗinsa kuma kaɗan ne.

Abin da hayaƙi ke ɗauke da shi

Idan kitse ya ɗiga a kan garwashi ya kama da wuta, hayaƙin da ke tashi na ɗauke da sinadarai da ke manne wa nama. Ɗaya daga cikinsu, benzopiren, hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce mikrogram 2 a kowane kilo na kyafaffen nama ba. Maganin abin a gida bai fi tsohon faranti ko tire ba, a sa shi tsakanin wuta da nama ya tare kitsen. Farin hayaƙi mai kauri alamar wuta ba ta ci da kyau ba ce. Siriri mai ɗan shuɗi ake so.

Gawayi shi ke ba da zafi, guntun busasshen itace biyu ko uku su ba da ƙamshi. Bagaruwa da magarya na yi. Katakon gini mai fenti, da tumfafiya, da leda ko kananzir na kunna wuta, duk ba su da wuri a nan. Kirya kowa ya san ingancin gawayinta, amma ita da gawo da aduwa itatuwa ne da ma'aikatan gandun daji ke karewa, ba a sare su kai tsaye. Wani abin sha'awa, ƙayar nan da ta mamaye gaɓar tafki a jihar Diffa, wadda masana ke kira Prosopis juliflora, dangi ce ta itacen da mutanen Texas ke alfahari da shi wurin banda.

Wurin ajiyewa ma abin dubawa ne. A nesanta shi da zana da rumfar kara da inda yara ke wasa, domin jikin tano na ƙuna ko ba a ga wuta ba. Idan hadari ya taso kada a ja shi cikin ɗaki ko zaure: gawayi na fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Abu ɗaya da na ga ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne ma'aunin zafi mai tsinke da ake soka wa nama. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74. Na biyun da na sa aka haɗa mini, da kaina na je na zaɓo tanon, na man girki, takardarsa na manne a jiki. Mai waldar ya so ya yi masa fenti kyauta, na ce ya bari.