Ruwa ba ya tsami banza: binciken ɗalibi a bakin tabki lokacin babban hutu

A ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Sanam, babu kogi mai gudana duk shekara. Dallol Bosso da ya ratsa ƙasar tsohon kwarin kogi ne da ya daɗe da ƙafewa. Ruwan da ake gani a fili shi ne na tabkuna, waɗanda ke cika da damina, wasu su ƙafe da kaka, wasu su kai tsakiyar rani. A nan dabbobi ke sha, a nan ake wanki da wanka, kuma inda rijiya ta yi nisa, a nan ake ɗibar na sha.

Babban hutu yakan faɗo daidai wannan lokaci. Idan kai ɗalibi ne a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a ta Tillaberi, kana karatun ilmin halittu ko na noma, tabkin garinku ya ishe ka fagen bincike na wata uku. Tambayar da mutanen garin ke bukatar amsarta ita ce: yaushe ruwan ke ɓaci, kuma me ke ɓata shi?

Abin da ke rayuwa cikin ruwan

A shekarar 1674 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya duba ruwan wani tabki da madubin ƙara girman abu, ya ga ƙananan halittu suna kai da komo. Irinsu ne za ka tarar a tabkin garinku, kuma ana iya kasa su gida uku. Na farko su ne dangin gansakuka, masu yin abincinsu da hasken rana suna sakin iskar oksijin. Na biyu bakteriya masu ruɓar da ganye da kashin dabbobi. Na uku ƙananan dabbobi, irin su ƙumar ruwa, masu cin na farko da na biyu, su kuma kifi ya ci su.

Yawancinsu ba masu cuta ba ne. A ƙasar Kanem, kusa da Tabkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata koriyar halitta mai suna Spirulina daga tabkunan kanwa, su shanya ta, su yi miya da ita. Suna kiranta dihe, kuma fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne.

Yadda ruwa ke ɓaci

Ruwan sama yana kwaso taki da kashin dabbobi ya zuba cikin tabki. Idan damina ta ɗauke, ruwan ya ja baya, zafi ya ƙaru, sai wasu bakteriya masu launin kore da shuɗi su yaɗu har ruwan ya koma kamar fenti. Da dare suna zuƙe iskar da ke cikinsa, shi ya sa akan wayi gari a ga kifi sun mutu. Wasunsu na fitar da dafi mai lalata hanta, wanda tafasa ruwa ba ta kashe shi. A shekarar 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, kuma hukumomin ƙasar sun danganta mutuwar da irin wannan dafi.

Akwai kuma cututtukan da ke bi ta jikin halittun tabki. Kurkunu yana shiga mutum idan ya haɗiye ƙumar ruwa mai ɗauke da tsutsar. Sanin haka ya sa aka koya wa jama'a tace ruwa da ƙyalle, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da cutar. Tsargiya kuwa tana nan. Tsutsarta na girma cikin katantanwa, ta fito ta huda fatar mai wanka.

Yadda za ka tsara aikinka

1. Ka fara da neman izini daga malaminka, da magajin gari, da maigari. Yankin Abala da Filinge ya sha fama da rashin tsaro, don haka kada ka je inda hukuma ta hana.

2. Ka tambayi dattawa da makiyaya da mata masu ɗibar ruwa. Sun san watan da ruwan ke sake launi da wanda dabbobi ke ƙin sha. Da ɗan gari akan ci gari.

3. Ka zaɓi wuri uku da ba za ka sake ba: mashayar dabbobi, da wurin ɗiba, da wani gefe da ba a yawan zuwa. Ka riƙa zuwa rana ɗaya kowane mako, a sa'a ɗaya.

4. Ka kafa sanda mai shaida don sanin hawa da saukar ruwa. Ka ɗaura farin faranti da igiya, ka zura shi har ya ɓace wa idonka, ka auna tsawon igiyar. Wannan ke nuna gurɓacewar ruwan. Ka rubuta zafinsa da launinsa da warinsa, da yawan dabbobin da suka sha.

5. Ka ɗebi ruwa cikin kwalbar da aka tafasa, kamar santimita 20 ƙasa da fuskar ruwan, ka ajiye ta cikin ƙanƙara. An fi so a auna shi kafin awa 6, kada ya wuce 24. Tunda Yamai na da nisan kilomita kusan 180 daga Filinge, ka tambayi malaminka ƴar takardar gwajin da ke mayar da ruwa baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu idan akwai alamar najasa. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100.

6. Ka sa takalmin roba da safar hannu, kada ka kwaso tsargiya wajen bincikenta.

Ka mayar wa gari da sakamako

Awo ɗaya ba ya nuna komai. Amfanin aikin yana cikin maimaitawa, domin awon mako goma sha biyu a jere zai nuna lokacin da ruwan ya fara sauyawa. Kada ka ce ruwa ya gyaru don ya yi garau, kada kuma ka tsorata jama'a da abin da ba ka tabbatar ba.

Bayan ka miƙa rahotonka ga jami'a, ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, ka karanta shi gaban maigari da kwamitin kula da ruwa da jami'in lafiya. Ka faɗi makon da ruwan ya ɓaci, da inda ya fi ɓaci, da abin da za a iya yi: a raba mashayar dabbobi da wurin ɗiba, a tace ruwan sha a tafasa, a nisanci ruwan da ya koma kore. Ka bar kwafin littafin awonka a makarantar garin, don ɗalibin da zai zo baɗi ya ɗora daga inda ka tsaya.